Gandun Dajin Afaka Na Neman Mai Shi

Akasarin 'yan Najeriya ba su taɓa jin sunan Afaka ba sai bayan daren 11 ga Maris, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kutsa Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Gandun Daji da ke bayan Mando, suka kora ɗalibai 39 cikin daji. Iyaye suka yi ta zarya tsakanin Kaduna da Abuja suna kuka a gaban 'yan jarida, har zuwa farkon watan Mayu da aka sako ragowar yaran. Ba a gama jajen wannan ba, ranar 24 ga Agusta aka sake jin sunan, bayan 'yan bindiga sun shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, wadda mazauninta na dindindin yake nan Afaka. Tun daga lokacin, da an ambaci wurin sai gaban mutumin Kaduna ya faɗi.

A cikin wannan tashin hankali ba wanda ya tsaya tambayar abin da ya kai makarantar koyon aikin daji wannan wuri tun farko. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Amma tambayar tana da amsa: daji ne ya kai ta. Kuma halin da dajin ya shiga yana da hannu a abin da ya sami yaran.

Dajin doka da baƙin itatuwa

Gandun dajin Afaka yana yamma maso arewa da birnin Kaduna. Ya tashi daga bayan Mando da Rigasa, ya bi hanyar Birnin Gwari har wajajen Buruku, wani sashe a ƙaramar hukumar Igabi, wani a Chikun. A 1954 aka keɓe shi, faɗinsa dubban hektoci, kuma dalilin keɓewar a fili yake. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 garin yake kumbura: barikokin soja, ma'aikatan jirgin ƙasa, akawunan sakatariya, sannan ma'aikatan masaƙu da suka fara tururuwa daga 1957. Duk tukunyar da za a ɗora wa wannan jama'a, a kan itace za a ɗora ta. Ga buƙatar azara da dirkoki da turakun waya.

Dajin da Allah ya hore wa wannan yanki dajin doka ne. Duk wanda ya san hanyar Birnin Gwari ko ta Zariya shekaru 50 baya ya san shi. Doka da farin doka sun rufe tudu, ganyensu ja wur idan suka yi sabon toho a ƙarshen rani. A tsakaninsu ga kaɗanya da ɗorawa, ga maje da kirya da marke da taura da baushe da madobiya. A bakin rafuka kuma sai kurmi mai duhu, inda maɗaci da ɗinya da kanya suke. Zomo da gada da zabin daji da fakara da jan biri duk a nan suke kiwo, zuma kuwa ba a maganarta.

Malaman daji na wancan zamani sun raina wannan daji. Ba ya saurin girma, itatuwansa karkatattu ne, ba sa ba da dogon katako. Sai suka mai da Afaka filin gwaji. Aka kawo turare daga Ostareliya, tik da malaina da kasiya daga kudancin Asiya, da itacen fayin mai ganye kamar allura daga Amurka ta Tsakiya. Kowane baƙo da irin rigimarsa. Turare, gara ce ke cin saiwarsa tun yana ƙarami. Fayin kuwa ƙin girma ya yi, sai da aka gane cewa dole a gauraya ƙasar renonsa da wadda aka ɗebo daga gindin tsofaffin irinsa, saboda wata 'yar funfuna da ke zama a saiwarsa tana taya shi tsotsar abinci. Masana daga tashar binciken dajin sabana ta Samaru, Zariya, sun yi shekaru suna awon waɗannan itatuwa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma hukumar JICA ta Japan ta haɗa hannu da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya, mai hedikwata a Ibadan, aka yi wani babban gwajin dashe da injuna a nan Afaka. Kwalejin da aka sace wa ɗalibai ita ma a ƙarƙashin wannan cibiya take.

Ba za a ce wahalarsu ta tafi a banza ba. Turare ya karɓi ƙasar Kaduna, kuma yana da wata baiwa: in an sare shi, kututturen yakan fitar da sabbin rassa miƙaƙƙu, a sake sara bayan 'yan shekaru, har sau uku ko huɗu ba tare da sabon dashe ba. Sandunan da magina ke tokare kankare da su a unguwannin Kaduna da yawansu shi ne. Sai dai an yi asara biyu. An tuge doka da 'yan uwanta aka jera baƙi a layi, alhali dabba ba ta cin ganyen turare, ciyawa ba ta sakewa a ƙarƙashinsa, tsuntsu ma bai cika samun abin ci a kansa ba. Asara ta biyu ta fi girma. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun ba su da wani matsayi a cikinsa face biyu: ko lebura a lokacin dashe, ko ɓarawo in an kama shi da gatari.

Muddin gwamnati na da ƙarfi, wannan tsari ya yi aiki. A zamanin En'e malamin daji yana da kaki da keke da kwarjini, dagaci ya san cewa in an sare ɗorawa a ƙasarsa shi za a fara tambaya, mai laifi kuma sai gaban alƙali. Da aka rushe En'e a garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnatoci daga ƙasa, sai aikin daji ya zama maraya a kasafin kuɗi. Ma'aikata suka tsufa, suka yi ritaya, ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. An ƙwace daji daga hannun jama'a da sunan gwamnati, ita kuma gwamnatin ta sake shi.

Birnin da ke cin dajinsa

Wanda yake son ya ga inda dajin yake tafiya, ya tsaya a shataletalen Mando da sassafe. A-kori-kura ce ke shigowa maƙare da faskare, babura da buhunan gawayi an ɗaure su har sun fi direban tsawo, mata da 'yan mata da dammunan ƙirare a ka. Daga nan kaya ke watsuwa zuwa Kawo da Unguwar Kanawa da Badarawa da Tudun Wada da lungunan Rigasa. Masu gidan burodi na jira, da masu tsire da balangu, da masu tuyar ƙosai da waina, da makarantun kwana, da masu dafa abincin biki. Bayan su ga dubban gidaje.

An yi wani lokaci da ake ganin kamar birnin zai rabu da itace. Risho ya shiga kusan kowane gida, daga baya tukunyar gas ta fara yaɗuwa har a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sai aka janye tallafin kananzir a 2016, ya zama kayan gabas. Aka janye na fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta zube, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi. Uwargida ta tura tukunyar gas lungu, ta aika kasuwar Panteka a sayo mata kurfoti. Ba wanda zai zarge ta. Yara za su ci tuwo da dare, ko daji ya rayu ko ya mutu.

Gawayi ya fi itace ɓarna nesa ba kusa ba. A irin ramin da ake binne itace da ƙasa a kunna masa wuta, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Sauran ya tafi a hayaƙi. Mai ƙona gawayi kuma ba kowane itace yake so ba. Kirya yake nema, saboda gawayinta nauyi gare shi kuma yana daɗewa yana ci, shi ya sa maƙera suka riƙe ta tun kaka da kakanni. In kirya ta ƙare sai marke. In marke ya ƙare sai a juya kan kaɗanya, wadda sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma in an bar ta tana iya kaiwa shekara 200 tana ciyar da matan ƙauye. Injin yanka yana kayar da ita kafin a gama shan shayi. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa waje domin a riƙa sarrafa shi a gida. Shawara ce mai kyau, amma masana'antar man kaɗe ba za ta tsaya a kan itacen da ake turawa ramin gawayi ba. Madobiya kuwa 'yan kasuwar katakon Sin ne suka yi mata wawa a faɗin Afirka ta Yamma, har ta kai an sanya ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017.

Duk da haka gatari ba shi ne babban maƙiyin Afaka ba. Dajin da aka sare yana dawowa. Wanda aka yanka fuloti aka zuba masa fandisho ya tafi ke nan har abada. Rigasa na cikin unguwannin da suka fi yawan jama'a a duk jihar, kuma tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna a can a 2016, farashin fili ya haukace. Ga filin jirgin sama a gefe, ga barikoki, ga rukunin gidaje. Yadda abin ke tafiya sananne ne: yau an sare, gobe an yi gona, jibi dillali ya zo da igiyar awo, kafin ka ankara an kafa masallaci da shagon caji, unguwa ta samu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma cire wani yanki daga gandun daji yana da ƙa'idarsa a doka. Amma awon igiya ba ya jiran gazet. Duk mai wayar hannu zai iya buɗe hoton tauraron ɗan'adam ya ga yadda rufin kwano yake cin kore daga gabas.

Da malamin daji ya fita

Daji ba ya zama babu mai shi. In mai kaki da littafin rasit ya daina shiga, wani zai shiga, kuma wanda ya shiga dazuzzukan yammacin Kaduna da bindiga ya shiga. Daga bayan Afaka daji ne yake haɗe da daji har zuwa Kamuku a Birnin Gwari, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, har ya zarce Kuyambana a Zamfara. Hanyoyin da a da ake bi da motar ma'aikata a duba dashe, su ne suka zama hanyoyin babura.

Martanin hukuma ya zo ta fuska biyu. A 2021 gwamnatin jihar ta haramta sare itatuwa don kasuwanci a ƙananan hukumomi 7, ciki har da Igabi da Chikun da Giwa da Birnin Gwari, bisa hujjar cewa masu safarar itace da gawayi na cuɗanya da 'yan bindiga. A farkon 2022 kuma gwamna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Mutumin da aka sace wa ɗa ba zai ga laifin wannan magana ba. Sai dai dajin doka ba a sake dasa shi kamar masara, kuma haramcin sara bai kashe wutar murhu ko ɗaya a Tudun Wada ba. Tsadar buhu kawai ya ƙara, da kuɗin da ake miƙawa a shingen hanya.

Yanzu an ɗan sami sararawa. Tun da Gwamna Uba Sani ya jagoranci sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanyar. A watan Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai. Ana buƙatarsu. Amma mai gadi da bindiga zai iya korar ɗan ta'adda, ba zai iya renon toho ba. Kuma akwai abin tsoro a cikin zaman lafiyar kanta: wuraren da fargaba ta hana masu injin yanka shiga shekara da shekaru sun ɗan farfaɗo, yanzu kuwa hanya ta buɗe wa kowa.

Bikin dashe da aikin kututture

Kowace damina akwai bikin dashe. A kafa rumfa, a kawo babban baƙo, a miƙa masa shebur da butar ban-ruwa, a ɗauki hoto. Alkawura ma ba su yi ƙaranci ba. A 2019 Shugaba Buhari ya yi alkawarin itatuwa miliyan 25 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Najeriya ta sa hannu cewa za ta farfaɗo da hekta miliyan 4 na ƙasar da ta lalace. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kaduna na ciki. Adadin abin da aka dasa kullum ana shelarsa. Adadin da ya tsallake watan Maris, bayan akuya da gara da wutar daji da ƙishirwa sun ɗauki rabonsu, shi ne ba a kiran 'yan jarida a faɗa.

Abin da ya kamata Kaduna ta duba yana wajen 'yan uwanmu na Maraɗi. A can ma an yi shekaru ana dashe yana mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona da mishan, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kumbukumbun da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga ruwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da wuta. Manoman yankin suka sa masa suna sassabin zamani. Ba leda, ba ban-ruwa, ba kwangila. A yau ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itatuwa miliyan 200, akasari gawo da kalgo da sabara da aduwa.

Dabarar yankan reshe ba ita ce sirrin ba, domin tsofaffin manoma sun san ta. Abin da ya canza shi ne mallaka. A da dokar Nijar ta ce itace na gwamnati ne ko da a gonarka yake, don haka manomi ya gwammace ya kashe shi tun yana toho da ya jawo wa kansa tara. Da aka sassauta, mutum ya tabbata cewa wanda ya raina shi zai ci moriya, sai itatuwa suka dawo. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, suka yanka wa kansu doka da tarar wanda ya karya ta.

To, ruwan da ke sauka a Kaduna a shekara ya kai milimita 1,200, ninki biyu ko fiye na abin da Maraɗi ke samu. Doka kuwa gwanar toho ce. Daga saiwa ma take fitowa, ba daga kututture kaɗai ba. Duk fegin da aka sare a Afaka aka bari, in ka koma bayan damina biyu za ka tarar da shi cike da 'ya'yan doka da taura da baushe sun kai ƙugu. Abin da ke hana su zama daji shi ne wutar ƙarshen rani, wadda mafarauta ke cinnawa don gafiya da zomo lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, da kuma gatarin da ke dawowa tun ba su yi kauri ba. Maganin wutar ma tsoho ne. Malaman daji na da sukan yi ƙuna da wuri, a watan Nuwamba, ciyawa na da sauran ɗanyantaka, wutar ta wuce sama-sama ba ta kashe toho ba; sannan a share layukan da za su tare gobara.

A halatta sara, a tsara shi

Nan ne wasu masu kishin muhalli za su ɓata rai. Kaduna ba za ta daina girki da itace bana ko baɗi ba. Duk tsarin da aka gina a kan hana sara kwata-kwata, hana wani hana kai ne: talaka zai shiga da dare, ma'aikaci zai karɓi na goro, daji zai tafi, baitulmali bai ga ko kwabo ba. Abin yi shi ne a mai da saran halattacce, mai lokaci da iyaka da mai shi.

Nijar ta gwada wannan ma. Wata doka ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don ciyar da Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ƙauye zai shata dajinsa, a raba shi kashi-kashi, a sare kashi ɗaya bana, a bar shi ya huta sai zagaye ya dawo kansa. Akwai adadin da ba a wucewa a shekara. A ƙauyen ake karɓar haraji, wani kaso ya zauna a nan don gyaran daji da rijiya da makaranta. Itacen da aka saro daga dajin da ba shi da tsari kuwa harajinsa ya fi tsada. Tsarin bai tsira daga matsala ba. An sami inda aka wuce adadi, an sami inda shugabannin kwamiti suka cinye kuɗi, an sami inda sa idon hukuma ya yi rauni. Amma ko da raunin nasa, ya fi abin da muke da shi a hanyar Buruku, inda ba adadi, ba zagaye, ba asusu.

Afaka ta fi dacewa da irin wannan tsari fiye da yawancin dazuzzukan Nijar, domin kasuwarta na bakin ƙofa. Tsofaffin filayen turare da kasiya su ne za su ɗauki nauyin murhun birni da sandunan magina: a ba ƙungiyoyin masu itace da gawayi na Mando da Rigasa da Buruku hayar kashi-kashi na shekaru masu yawa, da sharaɗi a rubuce, wanda ya karya a karɓe. Inda ƙasa ta mutu har ba kututture, a nan dashe yake da amfani, kuma akwai tsohuwar dabarar da aka aro daga ƙasar Bama, aka fara gwada ta a Sapoba ta jihar Edo tun 1927: a ba manomi fili ya shuka masara ko waken suya a tsakanin layukan dashe shekara biyu ko uku, noman da yake wa amfaninsa shi ne noman itacen. Sauran dajin doka da kurmin bakin rafi kuwa a bar su su huta, ban da tsintar kaɗanya da ɗorawa, da kafa amya, da ɗibar magani. Matan da ke daddawa da man kaɗe su suka fi kowa sanin inda kowace bishiya take, kuma su suka fi kowa asara in ta faɗi, don haka kwamitin da babu su a ciki wasa ne. Ɗorawar ma ba ta 'ya'ya sai jemage da ƙudan zuma sun ziyarci tutunta, su kuwa sai da daji suke zama.

Makiyayi ma dole a zauna da shi. Da rani ganyen maɗaci da kawo da madobiya shi ne abincin shanu, kuma Bafulatanin da ya iya sassabe reshe ba ya kashe bishiya. In an fitar masa da burtali da mashaya, aka gaya masa kashin da aka rufe bana da wanda aka buɗe, ya zama ido a cikin daji. In an kore shi, an ƙara wa daji maƙiyi.

A ɓangaren birni kuma akwai aikin da ba ya buƙatar taro. Ramin gawayi mai bututun hayaƙi irin na Kasamas ta Senegal yana ba da gawayi fiye da namu daga itace iri ɗaya. Murhun da aka yi wa ciki da yumɓu yana rage cin gawayi ƙwarai, kuma maƙeran Panteka, waɗanda ba abin da ke gagararsu in sun ga samfur, za su iya buga shi da dubbai. Gidajen burodi da makarantun kwana na gwamnati su ya kamata a fara raba su da itacen daji, tun da su ne manyan maciya.

Bakin kogi

Akwai wani dajin da birnin ya manta cewa ya taɓa mallaka, wato na gaɓar Kogin Kaduna. Daga Rafin Guza zuwa Malali da Unguwar Rimi da Kabala, itatuwan da ke riƙe gaɓa sun koma gonakin rani da gidaje da wuraren ɗibar yashi. Mutanen waɗannan unguwanni ba su manta da ambaliyar Satumban 2003 ba, kuma ruwan ya sha dawowa tun daga lokacin. Itace ba zai hana kogi cika ba, amma yana hana gaɓa zaftarewa, yana tace laka kafin ta isa matatar ruwa ta Malali. Wanda yake son ya ga yadda bakin kogin zai iya kasancewa ya shiga lambun Gamji, wanda ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, ya ji bambancin iska. Haka nan titunan da aka faɗaɗa a aikin sabunta birni da aka fara a 2019: sun yi kyau, amma inuwar da aka rasa ba itacen ado ne zai biya ta ba. Maɗaci da tsamiya da dalbejiya ne suka san ranar Afrilu.

Duk wannan ba zai fara ba sai an san abin da ya rage. Hukumar filaye ta jihar, KADGIS, tana da na'urori da hotunan sama da za ta iya fitar da iyakar gandun Afaka ta 1954 ta ɗora a kan abin da ke ƙasa yau. A yi wannan awo, a buga taswirar kowa ya gani, a faɗi gaskiya a kan unguwannin da suka riga suka zauna, a kafa turaka a kan sauran. Majalisar dokoki da ke zama a zauren Lugard ta gyara dokar daji ta yadda ƙauye ko ƙungiya za su iya riƙe kashin gandu da takarda, su ci moriyarsa, a kuma tuhume su in ya lalace. Malamai da ɗaliban kwalejin Afaka kuwa, aikin da suka koya ke nan. Muna kira ga gidan gwamnatin jihar, Gidan Sir Kashim Ibrahim, da ya ba da umarnin awon tun da rani, domin a damƙa kason farko ga jama'ar Mando da Rigasa da Buruku kafin ruwan shuka ya sauka.